Abin da Baba Ya Goge

Talata, 4 ga Maris, 6:40 na safe

Bahago ya mutu. A rediyo na ji, ina tsaye da butar kofi a hannu. Nicanor Sabater, shekara sittin da biyu, ciwon zuciya, a wani asibiti a Amurka. Mai karanta labarin ya fashe da kuka kafin ya kai ƙarshen jimla, sai suka rufe shi da kiɗa.

Na shanye kofina. Zan tafi makaranta.

Talata, 4:15 na yamma

Babu wanda ya koyar da komai yau. Shugaban makaranta, mutum mai jikoki uku, ya kulle kansa a ofis. Yara 'yan shekara sha biyar, waɗanda ba su taɓa ganin mutumin ya ɗaga hannu ba sai a hoton kalanda, sun kifa kai a tebur. Na ce su buɗe shafi na arba'in, suka dube ni kamar na taka gawar.

A shagon Yocasta maza sun ajiye wasan domino, abin da ko ranar guguwa ba su yi ba. Kowa da labarinsa, amma duk labaran wuri ɗaya suke komawa: Lahadin nan ta 1983, wasan ƙarshe na gasar yanki ta besbol, wasan jifa da bugun ƙwallo da sanda, a filin kamfanin injin rake. Zagaye tara Bahago yana jifa, babu mai sanda ko ɗaya da ya samu bugu a kansa. Duk da haka aka ci mu ɗaya da nema, domin yaron da ke tsaron tasha ta uku, ɗaya daga kusurwoyin filin da mai bugu ke zagayawa, ya saki ƙwallo a zagaye na tara. Bayan wata biyu Amurkawa suka ɗauki Bahago. Yaron kuwa ba su sake tambayar sunansa ba.

Yaron nan yayana ne, Eufemio, Femio muke ce masa a gida. Shekararsa sittin da ɗaya, yana facin taya a bakin hanyar San Pedro. Tun daga ranar garin nan bai sake kiran sa da sunansa ba. Rariya suke ce masa.

Na shiga sayen mai.

"Malama Ondina, sai haƙuri," in ji Yocasta.

"Mijina ne?"

"Ke dai bakin nan naki sai dai a binne ki da shi."

"Rabin kwalba. Ki cika rabin."

Laraba, 5 ga Maris, 7:30 na safe

Ranar toka. A coci Fada ya shafa mini ita a goshi, idonsa jawur. Shi ma.

Adakar Baba tana nan a ƙarƙashin gado. Ban taɓa ta ba.

Juma'a, 7 ga Maris, 5:00 na yamma

Na san za su zo, ban dai san wa za su turo ba. Lauya Plinio suka turo, shugaban kwamitin makoki, da farar rigarsa da turarensa mai riga shi shiga gida. Ya zauna a kujerar Baba ba tare da an ce ya zauna ba.

Littafin suke so. Shekara talatin Baba, Don Telésforo Liburd, shi ne marubucin wasa a filin nan, kowane jifa da kowane bugu da fensirinsa aka rubuta su. Za su sa littafin 1983 a akwatin gilashi a ƙofar filin, a buɗe a shafin ranar nan. Ran Lahadi 23 ga wata kuma za a yi taro. 'Yan wasan da suka rage da rai kowa zai tsaya a wurinsa na da, a bar tudun jifa babu kowa sai safar hannun mamacin.

Na ce, "Tasha ta uku fa?"

Ya gyara gilashi. "To, Malama, kin san mutane. Ranar kuka ce, ba a son a tuna musu da wani abu. Mun ce ko a bar wurin haka nan."

"Wato tudu babu kowa don mai shi ya mutu, tasha ta uku babu kowa don mai ita bai mutu ba."

"Ba haka nake nufi ba."

"Lauya, na koyar da 'ya'yanka uku yadda ake faɗin abin da ake nufi. Ashe kai ya kamata a turo mini."

Na ce zan duba. Ya sha kofi har kofi biyu.

Asabar, 8 ga Maris, 9:10 na safe

Bari in rubuta shi sau ɗaya, tun da babu mai karanta wannan sai ni.

Ranar wasan nan shekarata sha ɗaya. Ina zaune kusa da Baba a ɗan ɗakin katako na marubuci, can sama, ni ce mai feƙe masa fensir. Zagaye na tara, babu ci. Mai sandansu na farko ya kwaɗa wata ƙwallo da ta nufi tasha ta uku kamar harsashi. Femio ya yi tsalle gefen dama, ya zube a ƙasa, ƙwallon ta daki bakin safarsa ta fice. Mutumin ya isa tasha ta ɗaya.

A irin wannan marubuci ne alƙali. In ya ga ƙwallon ba mai kamuwa ba ce, ya ja layi, mai sanda ya yi bugu. In ya ga mai tsaro ne ya saki, ya rubuta E da lambar wurinsa, kuskure ke nan.

Baba ya ja layi. Na gani da idona. Daga nan ya dubi ƙasa, wajen tasha ta uku, inda manajan injin rake ke zaune a rumfarsa da sigarinsa. Ya daɗe yana duba. Sai ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni kilina." Na ba shi. Ya goge layin, ya rubuta E5, biyar ita ce lambar mai tsaron tasha ta uku.

Da hannuna na miƙa masa.

Mutumin ya saci tasha ta biyu, aka tura shi ta uku, ya shigo gida, wato ya ci mu ɗaya, a kan wata ƙwallo da aka cafe can nesa. Shi ke nan. Bahago ya samu wasansa mai tsarki, garin ya samu abin alfahari da wanda zai zaga, manaja ya samu hoto a jarida. A hanyar gida na tambayi Baba. Ya ce, "Marubuci ba ya bayani." Ban sake hawa ɗakin nan ba.

Na karanta littattafai masu yawa a kan uban da ya sayar da ɗansa. Duk cikinsu akwai wani babban dalili, yaƙi ko yunwa ko sarauta. Namu don mai sigari ne.

Lahadi, 9 ga Maris, 1:00 na rana

An ɗauke wuta tun safe. Ban taɓa adakar ba.

Talata, 11 ga Maris, 6:20 na yamma

An binne shi. 'Yan acaɓa sun fi ɗari uku daga mahaɗar hanya har coci, kowa yana hon. Tsofaffi sun fito da hulunan ƙungiyar da asu ya cinye. Wata mata ta suma, aka yayyafa mata ruwa, ta farka, ta ga kyamara ta juyo, ta sake suma. A ƙyallen da suka rataya a ƙofar gari an rubuta sunansa ba daidai ba. Ban ce komai ba, ina so a rubuta mini ladan wannan.

Zan faɗi gaskiya ɗaya. Da akwatin ya wuce ta gabana na tuna yadda yake ɗaga ƙafar dama har ta kusa taɓa hularsa, ya tsaya haka kamar ya manta abin da ya zo yi, kafin hannun hagun ya fito daga inda ba ka zata ba. Duk yaran layinmu mun yi ta faɗuwa a ƙasa muna kwaikwayonsa da murfin kwalba da sandar tsintsiya, har da ni. Na goge ido. Ƙura ce.

Femio yana can baya, jikin bangon maƙabarta, da rigarsa ta coci. Wani sakarai da ya sha tun safe ya hango shi.

"Kai, kada a ba Rariya akwatin fa, zai sake shi!"

Aka yi dariya, irin wadda ake rufe baki. Femio ma ya yi murmushi, ya ɗaga masa hannu. Wannan murmushin ne ke kashe ni. Na nufi mutumin, Yocasta ta riƙe mini jaka ta baya.

"Ba a nan ba, ƙawata. Ki bari a rufe ramin tukuna."

Laraba, 12 ga Maris, 3:30 na yamma

Na buɗe.

Warin maganin asu da tabar Baba. Littattafai talatin, kowanne da shekararsa a gefe. Na ɗaga shafin ranar nan a taga. Yana nan. Takardar ta yi laushi a wurin, kuma a ƙarƙashin E5 ga sawun layin, a kwance, inda fensirin ya danna. Ko makaho ya shafa zai ji.

Za su samu littafinsu. Ran 23 zan kai shi da kaina, zan nemi lasifika in yi godiya a madadin iyali, sannan in gaya wa mutum dubu biyu cewa an samu bugu a kan gwarzonsu, kuma Eufemio Liburd bai saki komai ba.

Alhamis, 13 ga Maris, 6:45 na safe

Na rubuta jawabin. Minti biyu. Na cire zagi uku, na bar ɗaya.

Asabar, 15 ga Maris, 4:00 na yamma

Na je gidan makoki, kwana na huɗu na addu'ar kwana tara. Ba a cewa ba a gan ka ba a garin nan. Hotonsa a tebur, kyandir, kofin ruwa. Matarsa Doña Casilda ta kama hannuna biyu ta ce, "Ina Eufemio? Ki ce masa ya zo ya ci abinci. Nicanor ba ya komawa Amurka bai gan shi ba."

Na ce zan gaya masa. A raina na ce, gani dai, ai gani ba ya cin kuɗi.

Miyar ta yi gishiri.

Litinin, 17 ga Maris, 5:40 na yamma

Na kai wa Femio littafin a wurin facinsa. Ba daidai ba ne ya fara ji a lasifika. Na same shi ya tsoma tib ɗin taya a baho yana neman inda ke fitar da kumfa.

"Yaya, goge hannunka ka ga wani abu."

Ya goge a wando. Na buɗe, na ɗaga a rana, na nuna masa da farce. Ya duba bai fi ƙiftawar ido biyu ba.

"Rubutun tsoho," in ji shi. "Dubi yadda yake yin biyar ɗinsa."

"Ba biyar na nuna maka ba. Ka ga layin? Bugu ya rubuta da farko. Ya dubi manaja ya goge. Ina wurin."

"Wane manaja?"

"Manaja nawa ne a garin?"

Ya zauna a kan taya. Ya yi wata dariya da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba.

"Ondina, manajan nan ko ƙa'idar wasan bai sani ba, mata yake zuwa kallo. Ni Baba ya duba."

Ya ce da ya tashi daga ƙasa ya san ƙwallon ba mai kamuwa ba ce, duk wanda ya taɓa sa safa ya sani. Amma ya juya ya ga Nicanor a kan tudu, hannu a gwiwa, saura mutum uku kacal. Sai ya fuskanci ɗakin marubuci, ya dafa ƙirjinsa sau biyu.

Kowane yaro a ƙasar nan ya san ma'anar wannan. Laifina ne, a ɗora mini.

"Baba ya girgiza kai. Na sake dafawa. Sannan ya sunkuya."

"Ni ban gani ba."

"Ke ai kanki ko taga bai gama kaiwa ba."

Na ce to da aka ci mu fa, da suka fara kiran sa abin da suke kiran sa?

"Wa ya san mutumin zai shigo gida? Na ɗauka kuskure ne na minti biyar. Da daddare Baba ya ce zai je ya gyara, na ce in ya gyara na bar masa gidan."

"Shi kuma Bahago?"

"Yana kallona lokacin da na dafa. Duk Disamba in ya zo sai ya kawo mini motarsa in duba tayoyi. Sababbi fil, Ondina, ko ƙusa ba ta taɓa su ba. Ya zauna a nan inda kike tsaye awa biyu, mu yi hirar kifi."

"Kifi! Shekara arba'in da biyu duk inda ya juya ana cusa masa lasifika a baki, kai kuma kifi!"

"Ni na ba shi. Yanzu da ya kwanta dama zan je in ce ya dawo mini da shi? Injin rake ya tsaya, jirgin ƙasa ya tsaya, ki ƙwace musu wannan ma?"

Na ce me ya sa babu wanda ya gaya mini.

Ya mayar da tib ɗin cikin ruwa. "Kin taɓa tambayata? Tun kina 'yar mitsitsiya kike faɗa a madadina. Kin fasa wa yaro kai, kin kori mai neman aurenki, kin kusa rasa aiki. Ko sau ɗaya ba ki zauna kin ce, Yaya, me ya faru ba."

Kumfa ta fito. Ya ɗora yatsa a wurin.

Talata, 18 ga Maris, 6:30 na safe

Ban je makaranta ba.

Talata, 2:00 na rana

Na wanke labule. Na wanke bayan firji. Na jera littattafaina bisa haruffa, na rushe, na jera bisa tsawo.

Ba zan rubuta maganar asibiti ba.

Laraba, 19 ga Maris, 11:00 na safe

Har yanzu ina jin haushin Bahago, a rubuta wannan. Mutum ya ba ka abu yana ɗan shekara sha tara, cikin zafin wasa, ka ga abin da ya jawo masa, ka riƙe har kabari. Ina jin haushin garin nan. Ina jin haushin Femio da murmushinsa.

Saura mutum ɗaya, shi ne ban san abin da zan yi da shi ba.

Alhamis, 20 ga Maris, 5:15 na yamma

Kwana na tara. An kwance teburin, an buɗe ƙofofi da tagogi, mata suka yi kukan ƙarshe. Femio ya zo. Doña Casilda da kanta ta zuba masa abinci, ta tsaya a kansa sai da ya cinye.

Na tare Lauya Plinio a bakin ƙofa.

"Za ka samu littafin. Amma tasha ta uku da mai ita, kuma a kira shi da sunan da uwarsa ta sa masa. Ka iya rubuta shi ko in rubuta maka?"

"Malama, in mutane suka..."

"In babu haka, ka sa turarenka a gilashin."

Ya yarda. Femio ne ya fi wuya, ya ce gwiwarsa, ya ce wando ba zai shige shi ba. Na ce wannan karon tambayarsa nake yi. Ya dube ni ya ce to.

Juma'a, 21 ga Maris, 7:00 na safe

To, ga maganar asibitin.

Shekara tara ke nan. Baba yana gadon asibiti, ni ke ba shi abinci, ni ke juya shi, babu wanda zai ce ban yi ba. Wata Lahadi mai gadon kusa ya kunna rediyo, ana wasa. Baba ya laluba aljihun rigarsa ya fito da guntun fensir. Hannunsa ya riga ya daina riƙe cokali. Ya ce, "Ondina, rubuta mana, in ji."

Na ce, "Ni ba na rubuta ƙarya."

Ya mayar da fensirin aljihu. Ya juya bango. Ran Talata ya cika.

Na yayyaga jawabin.

Lahadi, 23 ga Maris, 6:10 na yamma

Filin ya cika har kan katanga. Littafin yana gilashi a ƙofa, fitila a kansa. Duk wanda ya sunkuya sosai zai ga layin. Na tsaya rabin awa ina kallo. Hoto suke ɗauka da waya, babu wanda ya sunkuya.

Kujeru sun ƙare, sai na hau ɗakin marubuci. Matakalar ta ruɓe a wuri biyu. Tagar yanzu daidai ƙirjina take, kuma daga kujerar Baba in ka dubi ƙasa, rumfar manaja da tasha ta uku a layi ɗaya suke.

Tsofaffi shida suka fito, ɗaya a keken guragu. Aka ajiye safar a kan tudu. Mai lasifika yana kiran suna ana tafi. Da ya ce, "Tasha ta uku, Eufemio Liburd," sai mutane suka fara tambayar juna wane ne. Ya fito yana ɗingishi, hular ta yi masa kaɗan. Can wani ya gane.

"Rariya!"

Dariya ta tashi, sai tafi ya biyo ta, ban san wanne ya fi yawa ba. Femio ya taka tashar, ya cire hula, ya daɗe yana kallon tudun. Sannan ya juyo ya ɗaga kai wajen tagata, ya dafa ƙirji sau biyu.

Na girgiza masa kai. Ya sake dafawa, ɗan banza.

Bayan taron ƙungiyarmu ta buga da ta wani gari. Wanda ke rubuta musu yanzu a waya yake yi, kuma cajinsa ya ƙare. Akwai fensir a jakata da takardun jarrabawar aji uku. Na juya bayan ɗaya na ja layuka.

An ci mu huɗu da biyu.

Litinin, 24 ga Maris, 4:30 na yamma

Daga makaranta na wuce maƙabarta. Furanni sun taru a kan kabarin Bahago har sun toshe hanya, sai da na zagaya. Na Baba ciyawa ta rufe sunan. Na tuge ta da hannu.

Na zauna a gefen, na fito da takardar, na karanta masa tun daga zagaye na ɗaya, mai sanda bayan mai sanda. A zagaye na shida akwai wata ƙwallo da ta kufce wa mai tsaron tasha ta biyu. Na gaya masa na ja layi, amma ban tabbata ba, kuma kafin in ja sai da na dubi yaron. Na tambaye shi ko daidai na yi.

Bai yi bayani ba. Na ci gaba da zagaye na bakwai.